Richard Ernst, Mai Sauraron Ƙwayar Zarra

Ba kowane aikin kirki ne masana ke karɓa tun ranar farko ba. Tarihin Richard Ernst ya ishe mu misali.

An haife shi a garin Winterthur na ƙasar Suwizalan a shekarar 1933. Yana ɗan shekara 13 ya tsinci wani akwati cike da sinadarai, wanda wani ɗan'uwan iyayensa ya rasu ya bari. Daga nan sha'awar kimiyya ta kama shi, har ya sami digirin dakta a jami'ar ETH ta birnin Zurik a 1962.

Tun 1946 Bloch da Purcell suka gano cewa in aka sa abu cikin maganaɗisu mai ƙarfi, aka aika masa igiyar rediyo, cibiyoyin ƙwayoyin zarrarsa sukan amsa, kowace da irin muryarta. Da wannan amsa ake gane yadda sinadari ya ginu. Amma fa aikin yana da nawa, domin ɗaya bayan ɗaya ake bin muryoyin, ga su kuma ƙasa-ƙasa.

A 1963 Ernst ya tafi Amurka aiki a kamfanin Varian. Can ne shi da Weston Anderson suka sake dabara. Maimakon bi ɗaya-ɗaya, sai a aika igiya gajeruwa mai ƙarfi, ƙwayoyin su amsa gaba ɗaya, sa'an nan kwamfuta ta rarrabe muryoyin da lissafin Fourier. Kamar dai malamin makarantar allo ne: almajirai na karatu baki ɗaya, amma kunnensa na ware muryar kowa. Aikin mintoci ya koma na daƙiƙoƙi.

To, ina lada? Sau biyu wata babbar mujallar kimiyya ta ƙi buga takardarsu, sai a 1966 wata ta karɓa. Ernst bai karaya ba. Ya koma Zurik a 1968, ya ɗauki wata shawara da Jean Jeener ya kawo a 1971, ya faɗaɗa awon ya zama mai fuska biyu. Da wannan ne abokin aikinsa Kurt Wüthrich ya gano siffar furotin. A 1975 kuma shi da abokan bincikensa suka nuna yadda za a fitar da hoto da wannan lissafi, watau hanyar da na'urar MRI ke bi yau wajen duba cikin majiyyaci ba tare da an tsaga shi ba.

An ba shi kyautar Nobel a 1991, yana cikin jirgin sama matuƙi ya yi masa albishir. Ya rasu a 2021, a garin da aka haife shi.

'Yan'uwa ɗalibai, shekara 25 ke tsakanin buga takardar nan da kyautar. Duk wanda aka mayar wa da aikinsa, ya duba ko gyara yake bukata ko haƙuri, kada dai ya jefar. Mahaƙurci mawadaci.