Daga Stapleton zuwa Dala: Ƙwayoyin Cuta da Rajistar Majiyyata a Tarihin Tiyatar Sauya Gaɓar Kwatangwalo da Gwiwa

Tsakure

Tiyatar sauya gaɓar kwatangwalo da ta gwiwa tana cikin ayyukan fiɗa da suka fi samun nasara a ƙarni na ashirin. Galibi akan danganta nasarar da gwanintar likita da ingancin ƙarfen da ake dasawa. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin aikin tun daga shekarar 1887, inda ta fara da unguwar Stapleton ta birnin Niyok, wurin da gwamnatin Amurka ta kafa ɗakinta na farko na binciken ƙwayoyin cuta. Maƙalar ta nuna cewa abubuwa biyu ne suka raba nasara da asara a wannan fage, wato shawo kan ƙwayoyin cuta da kuma adana bayanan majiyyata na shekaru masu yawa. Daga ƙarshe, an auna abin da wannan tarihi yake nufi ga ƙasar Hausa, inda cutar sikila take kai matasa ga wannan tiyata.

Fitilun Kalmomi: Tiyata, Kwatangwalo, Gwiwa, Ƙwayoyin Cuta, Rajista, Sikila

1.0 Gabatarwa

A kowace gaɓa mai motsi akwai guringuntsi da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa domin kada su goge juna. Idan amosanin gaɓɓai ko rauni ko yankewar jini ya cinye shi, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, tafiya ta gagara, barci ma ya yi wuya. Tiyatar sauya gaɓa ita ce a yanke bakin ƙashin da ya lalace a maye gurbinsa da ƙarfe da roba mai tauri, wani lokaci da tangaran. Tunanin yin hakan ya daɗe a zukatan likitoci. Abin da ya hana shi tabbata na tsawon shekaru shi ne cewa ƙarfe ba shi da jijiyar jini. Idan ƙwayar cuta ta manne masa, takan yi wa kanta wata irin yauƙi mai kauri wadda magani da garkuwar jiki ba sa iya ratsawa yadda ya kamata. Saboda haka tarihin wannan tiyata ba ya rabuwa da tarihin ilimin ƙwayoyin cuta, kuma a Amurka unguwar Stapleton tana cikin wuraren da wannan ilimi ya fara samun gindin zama.

2.0 Stapleton da Ɗakin Gwajin Kinyoun

Stapleton unguwa ce a gaɓar arewa maso gabashin tsibirin Staten, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin Niyok. A shekarar 1831 aka buɗe wani asibiti a wurin mai suna Seamen's Retreat domin jinyar matuƙan jiragen ruwa, daga baya ya koma hannun hukumar asibitocin ma'aikatan ruwa ta gwamnatin tarayya. A cikin ɗaki guda na wannan asibiti ne wani matashin likita, Joseph Kinyoun, ya kafa ɗakin gwaji a 1887. A lokacin, shekara biyar ke nan da Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, kuma likitoci da dama ba su gama gamsuwa da cewa halittun da ido ba ya gani suna haddasa cuta ba. Cikin 'yan watanni Kinyoun ya gano ƙwayar kwalara a jikin fasinjojin da jiragen ruwa suka kawo daga Turai, ya nuna cewa ana iya tabbatar da cuta ta hanyar gwaji maimakon duba alamu kawai.

A 1891 aka mayar da ɗakin gwajin birnin Washinton, a 1930 kuma wata doka ta mayar da shi Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa, wadda duniya ta sani da NIH. Shi kuwa asibitin na Stapleton ya ci gaba da aiki ƙarƙashin gwamnatin tarayya har 1981, lokacin da aka miƙa shi ga wata ƙungiyar mata masu hidima ta cocin Katolika, aka sauya masa suna zuwa Bayley Seton. Dangantakar wannan wuri da tiyatar gaɓɓai ta fuska biyu ce. Ilimin da aka fara aiki da shi a can shi ne ya warware babbar matsalar tiyatar, sannan cibiyar da ta tsiro daga can ita ce ta zauna daga baya ta tantance sakamakon aikin.

3.0 Daga Hauren Giwa zuwa Roba

Shekara uku bayan buɗe ɗakin Kinyoun, wato a 1890, wani likita a Berlin mai suna Themistocles Gluck ya dasa gwiwar da aka sassaƙa da hauren giwa. Dabararsa ta riga zamaninsa, domin har wani abu mai kama da siminti ya haɗa don riƙe dashen. Sai dai yawancin majiyyatansa tarin fuka ne ya cinye musu gaɓɓai, ya kuma dasa hauren a kan ƙashin da cuta take ciki. Raunukan suka yi mugunya, aka daina aikin, sunansa ya dusashe. Waɗanda suka biyo baya sun gwada abubuwa iri-iri. Marius Smith-Petersen ya gwada gilashi a Boston a 1923, ya riƙa fashewa. Philip Wiles ya dasa cikakkiyar gaɓar kwatangwalo ta ƙarfe a Landan a 1938, amma takan kwance daga jikin ƙashi.

John Charnley ne ya kawo sauyin da ya dore, a asibitin Wrightington da ke arewa maso yammacin Ingila, wanda a da na masu tarin fuka ne. Ya fara da robar Teflon a ƙarshen shekarun 1950, ya dasa wa mutum kusan 300, sai ta riƙa cinyewa cikin shekara biyu zuwa uku, ɓurɓushinta yana lalata ƙashi. Charnley ya nemo majiyyatan ya sake yi musu aiki. A watan Nuwamba na 1962 ya koma ga roba mai tauri ta foliyetilin, tare da ƙaramin kan ƙarfe mai faɗin milimita 22 da simintin ƙashi. Wannan tsari ne tushen abin da ake yi har yau.

Duk da haka, kusan mutum tara cikin ɗari na majiyyatansa na farko suna kamuwa da ƙwayoyin cuta a cikin gaɓar. Charnley ya haɗa kai da wani injiniyan tace iska, Hugh Howorth, suka gina keɓaɓɓen ɗakin tiyata da ake hura masa tatacciyar iska, likitoci kuma suka riƙa sa tufafin da ke rufe jiki duka. Adadin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin ɗari. A Hamburg ta Jamus, Hans-Wilhelm Buchholz ya fara gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin simintin wajen 1970. Wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 19, wanda ya ƙunshi tiyata fiye da 8,000 aka kuma wallafa a 1982, ya tabbatar da amfanin tatacciyar iska da na ba da magani kafin a fara aiki. Ita kuwa gwiwa, a birnin Niyok ne John Insall da Chitranjan Ranawat da Peter Walker suka fito a 1974 da samfurin da ya zama abin koyi, a asibitin ƙashi na Hospital for Special Surgery.

4.0 Sakamako da Matsaloli

Cibiyar NIH ta kira taron ƙwararru kan tiyatar kwatangwalo a 1982 da 1994, sannan kan ta gwiwa a watan Disamba na 2003. Taron 1994 ya nuna cewa matsalar da ta fi damun likitoci ta sauya, ta koma ɓurɓushin roba da ke sa ƙashi ya narke a hankali har dashen ya kwance. Taron 2003 ya amince cewa kusan tara cikin goma na waɗanda aka sauya wa gwiwa suna samun sauƙi mai yawa, ya kuma ja hankali ga cewa baƙaƙen fata a Amurka ba sa samun tiyatar gwargwadon buƙatarsu.

Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na dashen kwatangwalo da kashi 82 na cikakken dashen gwiwa suna kai shekara 25. Amma matsaloli ba su ƙare ba. Akwai daskarewar jini a jijiyar ƙafa wanda kan iya tafiya huhu, da gocewar gaɓa, da karayar ƙashi a kewayen dashe. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu sabuwar gwiwa suna ci gaba da jin ciwo. Ƙwayoyin cuta kuwa suna shafar ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, kuma maganinsu yakan kai ga cire dashen gaba ɗaya, a yi makonni ana shan magani, sannan a sake dasa wani. Yawan masu neman aikin yana ƙaruwa. Wani hasashe na 2007 ya ce kafin 2030 za a riƙa sauya gwiwa kusan miliyan 3.5 a shekara a Amurka. Zaman asibiti kuma ya ragu ƙwarai, tun da shirin inshorar tsofaffi na Medicare ya amince a 2018 da 2020 cewa ana iya yin tiyatar gwiwa da ta kwatangwalo ba tare da an kwantar da majiyyaci ba.

5.0 Rajista a Matsayin Magani

Ba a sanin ingancin dashe a ranar tiyata, sai bayan shekara biyar ko goma. Charnley ya fahimci haka, har yakan roƙi majiyyatansa su yarda a ciro gaɓar bayan rasuwarsu domin ya duba ta. Ƙasar Suwidin ta mayar da wannan ɗabi'a tsarin ƙasa, ta buɗe rajistar gwiwa a 1975 da ta kwatangwalo a 1979. Ingila da Wales sun fara tattara nasu bayanan a 2003.

Amfanin rajista ya fito fili a lamarin dashen ASR na kamfanin DePuy, wanda ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a cikinsa. An tallata shi ga matasa a matsayin mai ƙarko, aka dasa wa mutum kusan 93,000 a faɗin duniya. Rajistar Ostireliya ce ta fara nuna cewa yana lalacewa da wuri, sannan bayanan Ingila suka nuna cewa kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari suna buƙatar a sake musu aiki cikin shekara biyar. A watan Agusta na 2010 kamfanin ya janye shi daga kasuwa. Likita guda da ke yin aiki hamsin a shekara ba zai iya hango wannan aibi ba, sai an tara dubban bayanai wuri ɗaya.

6.0 Abin da Tarihin ya Ƙunsa ga Ƙasar Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin ɗori, kuma har yau gidajen maɗora suna karɓar masu karaya da targaɗe. Sai dai gaɓar da ta cinye ta fi ƙarfin karan ɗori. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, yana cikin manyan asibitocin ƙashi na tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Enugu, kuma yana cikin wuraren da ake wannan tiyata a arewacin Nijeriya.

Majiyyatan wannan yanki sun bambanta da na Turai ta hanyoyi uku. Na farko, ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara, kuma cutar tana toshe jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya har ya mutu ya rufta. Mai irin wannan lalura yakan buƙaci tiyata yana ɗan shekara ashirin ko talatin, wato zai rayu fiye da dashensa, a sake yi masa aiki sau ɗaya ko biyu. Ga shi saifar mai sikila ba ta aiki sosai, lamarin da ke ƙara masa haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Na biyu, rayuwar yau da kullum tana buƙatar lanƙwasa gwiwa sosai wajen sujada da zaman tahiya da tsuguno da cin abinci a tabarma, alhali sabuwar gwiwa galibi tana tsayawa ne a wajen digiri 110 zuwa 120. Ma'aunin nasara da aka tsara domin masu zama a kujera ba zai bayyana gamsuwar irin wannan majiyyaci ba. Na uku, yawancin kuɗin jinya daga aljihun iyali yake fitowa. Wanda aka sayar da gona aka yi masa aikin farko, da wuya a samu abin da za a sayar idan dashen ya kamu da cuta. Masu hali da ke tafiya Indiya ko Masar kuwa sukan dawo ba tare da wani kundi a gida da ya san irin ƙarfen da ke jikinsu ba.

Ƙarancin kuɗi ba ya hana kafa rajista. Ƙasar Malawi ta buɗe tata a 2005 a birnin Blantyre, kuma bayananta sun nuna cewa mutuwar kan ƙashin cinya tana cikin manyan dalilan tiyatar a can, saɓanin Turai inda amosanin tsufa ya rinjaya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Gluck yana da dabara amma ƙwayar cuta ta kayar da shi, Charnley kuma ya yi nasara ne saboda ya tsaftace iskar ɗakin tiyata ya kuma bibiyi majiyyatansa har ƙarshen rayuwarsu. Duka biyun ayyuka ne na hukuma da haƙuri, irin wanda aka fara a ɗaki guda a Stapleton. Don haka ana ba da shawarar cewa asibitin Dala da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato su haɗa rajista guda wadda za ta ƙunshi shekarun majiyyaci da rukunin jininsa da nau'in dashe da abin da ya same shi bayan shekaru, tare da ƙarfafa ɗakunan gwajin ƙwayoyin cuta. Haka nan akwai buƙatar masana harshe su yi aiki da likitoci wajen samar da takardun tambayoyi da Hausa, domin majiyyaci ya iya bayyana halin da gaɓarsa take ciki da harshen da yake jin ciwon da shi.