Wa Ya Ce Waƙar Gargajiya Ba Ta da Mai Ita?

Tarihin dokar sananne ne. Nijar ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1993, ta kafa hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA a 1995, ta sake dokar a 2010, kuma tun daga ta farkon aka sa kayan gargajiya cikin abin da ake karewa, bisa turbar da samfurin dokar Tunis na 1976 da Yarjejeniyar Bangi ta 1977 suka share. Abin da ya tayar da wannan rubutu shi ne fassarar da wani abokin aikinmu, masanin shari'a, yake yi wa wannan tsari. A ganinsa Bahaushe bai taɓa sanin waƙa tana da mai ita ba. Kiɗan noma, waƙar daka, waƙar zabiya a gidan biki, duk na jama'a ne. Tun da kuwa jama'a ba ta da bakin kai ƙara, sai hukuma ta zama waliyyiyarsu, ta ba da izini, ta karɓi kuɗi. Ina ganin rabin farko na maganar kuskure ne, na biyun kuma ya fi yadda yake zato haɗari.

Wanda ya tashi a Matameye, ko ko'ina a ƙasar Kance, ya san take yana da mai shi. Ba a kaɗa wa talaka taken sarki, tambari kuma ba ya tashi don attajiri kome yawan dukiyarsa. Makaɗin da ya ɗauki amshin wani ya juya wa ubangidansa, abokan sana'a za su gane tun kafin ya kai ƙarshen baiti, akwai kuma sarkin makaɗa da ake kai wa irin wannan magana. Smith (1957) ya nuna a ƙasar Zazzau cewa roƙo sana'a ce mai gado, mai iyayen gida, mai ƙa'idar wanda zai yi da wanda za a yi wa. Wannan mallaka ce, ko da babu takarda. Inda ta saɓa da ta Yarjejeniyar Berne ta 1886 shi ne ana biyan lada a fili lokacin da kiɗa ke tashi, riga ko doki ko kuɗi, kuma haƙƙin kan rabu tsakanin mai baiti da wanda aka wasa.

Abokin namu zai ce wannan zancen fada ne, ina batun waƙar da mata ke yi a bakin turmi? Nan ne nake ganin ya fi kaucewa. Sau da yawa, idan aka rubuta cewa ba a san mai waƙa ba, abin da ake nufi shi ne ba a san shi a Yamai ba. A ƙauyen da ake rera ta, da wuya a rasa tsohuwar da za ta ce wance ce ta fara ta, a shekarar kaza, don ta yi wa kishiyarta habaici. Mai ɗaukar murya ne bai tambaya ba. Ko Ma'azu Ɗan Alalo, wanda duk Damagaram ta san muryarsa, a bakin masu turin waƙoƙi a kasuwa waƙarsa tana cikin "gargajiya". Idan kalmar kasuwa ta zama kalmar shari'a, mawaƙin da bai yi rajista ba, bai kuma iya Faransanci ba, shi zai wayi gari aikinsa ya koma dukiyar ƙasa.

Sai batun iyaka, wanda abokin namu bai taɓo ba. Daga Matameye zuwa Ɗan Barto tafiya ce kaɗan, daga nan sai ƙasar Daura, gangar noman da ake kaɗawa a nan ita ake kaɗawa a can. Samfurin da UNESCO da hukumar haƙƙin fasaha ta duniya suka fitar a 1982 ya ce sai abu biyu sun haɗu ake neman izini: neman riba, da fitar da abin daga muhallinsa na al'ada. Dokar Nijeriya kuwa ɗaya ya ishe ta, ikon ba da izinin kuma yana hannun hukumarta ta haƙƙin mallaka. To, saurayin Matameye da ya ɗauki waƙar kakarsa ya je Kano ya naɗe ta, gwamnati biyu ke iya cewa tasu ce, kakar ba ta cikin lissafin kowa. Gaskiya ne dokar Nijeriyar ta yi rangwame ga wanda ya ari gargajiya don ƙirƙirar sabon aiki, muddin bai wuce kima ba. Amma wa zai auna kimar?

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce Gana, ban kuma raina ta ba. Da Paul Simon ya yi amfani da "Yaa Amponsah" a faifansa na 1990, gwamnatin Gana ya biya, da kuɗin ne kuma aka tsayar da hukumar kula da gargajiya ta ƙasar. Ba don hukuma ba, mai yiwuwa ko sisi ba zai dawo ba. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Waƙar tana da waɗanda suka fara naɗe ta a 1928, Kwame Asare da abokansa, duk da haka aka lissafa ta cikin gargajiya. Dokar ƙasar ta 2005 kuma ta ɗora wa ɗan Gana kansa neman izini da biyan kuɗi in zai yi kasuwanci da gadon iyayensa, abin da John Collins, wanda ya zauna a hukumar, ya daɗe yana suka.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ban ce hukuma ba ta da gurbi ba. Idan kamfanin waje ne ya ɗauki kiɗan ƙasar Kance, babu sarkin makaɗan da zai bi shi kotun Faransa. Maganata ba ta kuma wanke mai turin da ke cika memori da sababbin waƙoƙin mawaƙa masu rai yana karɓar ƴan dalolinsa ba, wannan shari'arsa a bayyane take. Abin da hujjojin nan suka iya ɗauka ƙarami ne: kada a kira waƙa gargajiya sai an bincika an rasa mai ita, binciken kuma a yi shi a inda ake rera ta, da Hausa, a gaban makaɗa da zabiyoyin wurin. Rajistar ma ana iya karɓarta da baki, a naɗi muryar mawaƙi da ta shaidu biyu a salula, a gidan rediyon gari ko a ƙofar fada, sannan a aika Yamai.