Shekarar da Aka Yi Ana Ja-in-ja a Kan Mikel Obi

A ranar 29 ga Afrilun 2005, mako guda bayan John Mikel Obi ya cika shekara 18, Manchester United ta ba da sanarwar cewa ta saye shi daga Lyn, wata ƙungiya ta birnin Oslo a ƙasar Norway. Aka fito da yaron gaban 'yan jarida sanye da jar riga mai lamba 21. An yi ciniki a kan fam miliyan 4, da sharaɗin zai sauka Ingila a Janairun 2006. Bai taɓa buga wa United ko wasa ɗaya ba.

Mikel haifaffen Jos ne, ya taso a Plateau United, kuma idon dillalan Turai ya faɗa kansa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Finland a 2003. Sanarwar United ke da wuya sai Chelsea ta ce ai ita ta riga, domin tana da yarjejeniya da wakilan yaron, kuma an ƙulla cinikin ne a bayan idonsu. A watan Mayu aka nemi Mikel a Oslo aka rasa. Jaridun Norway suka ɗauki maganar sace shi aka yi, Carlos Queiroz, mataimakin kocin United Alex Ferguson, ya ɗora laifin a kan Chelsea. Bayan 'yan kwanaki yaron ya ɓulla a Landan tare da wakilinsa John Shittu, ya faɗa a talabijin cewa matsa masa aka yi ya sa hannu, shi Chelsea yake so.

Cikin wannan ruɗani ya tafi Holan da tawagar Nijeriya ta koci Samson Siasia, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta ci ta 2 da 1, kuma aka zaɓi Mikel na biyu a gwanayen gasar, Lionel Messi kaɗai ke gabansa. Darajarsa ta ƙara hawa, rigimar ta ƙara zafi. FIFA ta umarce shi ya koma Lyn kafin a yanke hukunci, ya koma a watan Satumba, maganar kuma ta ci gaba da jan ƙafa har wata tara.

Abin da ƙwallon ƙafa ta rasa a lokacin, wani wasa da ba mu cika sani ba ya daɗe da rubuta shi a doka. A gasar hokin ƙanƙara ta NHL, a Amurka da Kanada, matashin da kwantiraginsa ya ƙare ba ya zama mai cikakken 'yanci sai ya kai shekara 27 ko ya yi kaka bakwai a gasar. Kafin nan wata ƙungiya na iya miƙa masa takardar tayi, in ya sa hannu sai a ba ƙungiyarsa ta asali kwana bakwai. Ko dai ta biya daidai abin da aka taya ta riƙe shi, ko ta sallama ta karɓi diyya, wato damar zaɓen sababbin matasa da ke hannun mai tayin. Duk wanda ya karanta babin shufa'a a zaure zai gane tsarin: abokin tarayya ya fi baƙo haƙƙin sayen rabon, matuƙar zai biya kuɗin da baƙon ya taya.

Ba wai dokar ta hana gaba ba ne. A 2012 Philadelphia ta taya Shea Weber na Nashville dala miliyan 110 na shekara 14, ta cusa maƙudan kuɗi a shekarun farko don ta karya Nashville, amma Nashville ta daure ta biya. A 2019 Montreal ta taya Sebastian Aho na Carolina, Carolina ta riƙe abinta, ta kuma riƙe abin a zuci. Bayan shekara biyu ta rama da Jesperi Kotkaniemi na Montreal, dala miliyan 6.1 na shekara ɗaya, har da ladan sa hannu na dala 20, lambar rigar Aho ke nan. Montreal ta sallama. Akwai mugunta a ciki, amma a rubuce take, kowa ya ga farashi, kuma cikin mako guda ɗan wasa ya san inda zai kwana.

Na Mikel sai 2 ga Yunin 2006 aka sasanta, ba tare da an jira hukuncin FIFA ba. Chelsea ta biya fam miliyan 16: 12 ga United, 4 ga Lyn. A ganina babu wanda ya ci riba kamar United, wadda ta sayar da takarda kawai. Yaron kuwa ya yi asarar mafi yawan kakar wasa a daidai shekarun da ɗan ƙwallo ke koyon sana'a.

Ya zauna a Chelsea har Janairun 2017, ya ci gasar Firimiya sau biyu da Kofin Zakarun Turai na 2012. Masu shuɗiyar riga da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Nijeriya ranar Asabar, da yawansu a zamaninsa suka kama ƙungiyar, ko suka gaje ta daga yayyensu.

Takardun ba su bar mutane sun huta ba. A 2008 wata kotu a Norway ta sami Morgan Andersen, daraktan Lyn a lokacin cinikin, da laifin zamba a kan takardun kwantiragin Mikel, ta yi masa ɗaurin talala na shekara ɗaya. Chelsea ta shigar da ƙarar Lyn da Andersen a Landan tana neman a maido mata da fam miliyan 16 ɗinta, daga baya aka daidaita a wajen kotu. Ita kuwa Lyn bashi ya ci ƙarfinta, aka ayyana ta karye a 2010.