Jukbos: daga kwandala zuwa Bluetooth

1/ Jama'a, kun san akwatin kiɗan nan mai kai kamar baka da fitilu masu launi da ake gani a tsofaffin finafinan Amurka? Sunansa jukbos. Yanzu ana ta sa masa Bluetooth don kunna waƙa daga waya a gida. Kafin wani ya ɗauki sukudireba, ku zo mu ji daga ina ya fito. Zare 🧵

2/ Nuwamba 1889, birnin San Faransisko. Louis Glass da William Arnold suka ajiye garmahon Edison a wata mashaya mai suna Palais Royale, suka haɗa masa ramin jefa kwandalar senti 5. Babu lasifika fa. Bututu 4 ne ake karawa a kunne, kuma waƙa ɗaya ce tal a ciki.

3/ A 1906 John Gabel ya fito da injin da za ka zaɓi waƙa cikin 24. Amma sauti bai cika ɗaki ba sai wajen 1927, da aka fara sa amfilifaya mai aiki da lantarki. Daga nan kwandalar mutum ɗaya ta koma kiɗan kowa da ke wurin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Sunan ma da labarinsa. A kudancin Amurka baƙar fata na da ƙananan gidajen rawa da ake ce wa juke joint, kuma ana danganta kalmar da harshen Gullah na jikokin bayi. A zamanin da gidajen rediyo da yawa ba sa son saka faifan mawaƙa baƙaƙe, wannan akwatin shi ya riƙa kai muryarsu kunnen jama'a.

5/ Cikin injin akwai wani ɗan ma'auni da ke ƙirga sau nawa aka kunna kowane faifai. Mai injin ya duba, ya cire wanda ba a so, ya ƙaro wanda ake so. A 1944 mujallar Billboard ta fara buga jerin faifan da aka fi kunnawa a jukbos. Abin da Spotify ke yi yau kenan, amma da ƙarfe.

6/ Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙira a 1942, masana'antu suka koma kayan yaƙi. Ana gamawa, a 1946, Wurlitzer ya saki samfurin 1015 da Paul Fuller ya zana: faifai 24, da bututu masu kumfa na hawa a gefe. An ƙera kusan 56,000. Duk wata sifika mai siffar jukbos da kuka gani a kasuwa, kusan shi take kwaikwayo.

7/ Sai Seeburg ya zo a 1948 da M100A, waƙa 100 daga faifai 50. RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti a 1949, Seeburg ya rungume shi a 1950. Har ƙananan akwatunan zaɓe ake sawa kan teburan gidajen abinci: kana zaune ka danna, saƙon ya bi waya zuwa babban injin.

8/ To me ya kashe masa kasuwa? Kiɗa ya fara shiga aljihu. Ƙaramar rediyo mai taransisto a 1954, sai kaset, sai Walkman na Sony a 1979. Wurlitzer ya daina ƙera jukbos a Amurka tun 1974. Wa zai biya kwandala alhali ga waƙarsa a kunne?

9/ Bluetooth kuma Ericsson ne ya faro shi a Suwidin a 1994, sunan kuwa na wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald. Abin dariyar shi ne, fasahar da ta ƙara kulle mu cikin iyafis ita ce yau ake dawo da jukbos falo da ita.

10/ Yanzu aikin kansa. Akwatin iri biyu ne. In na kwaikwayo ne, irin na Crosley mai rediyo da CD, abin da sauƙi: sayi ɗan risiba na Bluetooth, ba shi wuta da cajar waya mai bolt 5, soka shi a ramin AUX. Zai kama daga nisan kamar mita 10. In ka ji ƙugi, gwada raba musu wuta, ko ka sa risiba mai batir.

11/ In na asali ne kuwa, a yi hattara. Amfilifayarsa mai kwalabe ce, kuma kafasitocinta na riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare soket. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne. Sannan na Amurka wutarsa bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Ba taransifoma mai rage wuta, to ka ƙona shi.

12/ Inda nake da magana: wasu na farke cikin na asali, su zubar da injin ɗaukar faifai, su cusa sifikar zamani. Gaskiya wannan ɓarna ce. Katako da fitila ana iya sake yi, ai tun 1986 aka sake fito da siffar 1015. Hannun ƙarfen nan da ke zaro faifai ya ɗora masa allura, shi ne tarihin.

13/ Akwai hanyar da ba ta lalata komai: a shigar da sautin risiba ta inda sautin allura ke shiga, a sa makunnin sauyawa, kada a yanke wayar da ba za ta mayu ba. Wasu ma na haɗa akwatin teburin Seeburg da Raspberry Pi, ya ƙirga bugun da maɓallan ke aikawa, ya kunna waƙar daga intanet. Maɓallan na nan suna aikinsu.

14/ Mu koma lamba 3. Darajar jukbos ita ce kowa a ɗakin na da damar zaɓe, kowa kuma zai saurari zaɓin ɗan uwansa, ko yana so ko ba ya so. Da Bluetooth, mai waya shi ne sarki. Don haka in kun haɗa naku, ku riƙa miƙa wayar tana zagayawa. Wace waƙa za ku fara sawa?