Kyautar Attajiri da Ɗawainiyar Filin Wasa a Jami'o'in Amurka

A ƙarshen Disambar 2005 attajirin man fetur T. Boone Pickens ya ba sashen wasanni na Jami'ar Jihar Oklahoma dala miliyan 165, kyauta mafi tsoka da aka taɓa yi wa wasannin wata jami'a a Amurka zuwa wannan lokaci. Burin jami'ar shi ne ta ƙarasa gyaran filin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka da ke garin Stillwater, wanda tun 2003 aka laƙaba masa sunan Pickens, sannan ta gina unguwa guda ta wasanni a arewacinsa. Daga nan wannan kyauta ta zama abin kafa hujja ga masu ra'ayin cewa wasanni su ne zauren jami'a: ta nan baƙo yake fara shigowa, kuma kyan zauren shi ke sa ya so ganin cikin gida. A wajensu kyautar attajiri riba ce tsantsa, tunda kuɗin ba na gwamnati ba ne, ba kuma na ɗalibai ba. Wannan maƙala tana ganin kuskure a hujjar, kuma kuskuren yana wajen ɗaukar kyautar gini a matsayin abin da ba ya cin jami'a ko sisi.

Yanayin kuɗin wasannin jami'o'i sananne ne ga masu nazarin fannin. Rahoton Litan da Orszag da Orszag (2003), wanda NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, da kanta ta ɗauki nauyinsa, ya nuna cewa kowace dala da aka ƙara kashewa a zari-ruga da ƙwallon kwando kusan dala ɗaya take dawowa da ita. Frank (2004) ya bayyana fagen a matsayin kasuwar da 'yan ƙalilan na sama ke kwashe ganima, Clotfelter (2011) kuma ya bi diddigin yadda harkar ta yi kane-kane a jami'o'in. Alƙaluman NCAA na 2019 sun nuna cewa jami'o'i 25 kacal daga cikin 130 na babban rukuni ne sashen wasanninsu ya samar da abin da ya fi wanda ya kashe.

Abin da ya faru da kuɗin Pickens ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a nan ne hujjar riba tsantsa ta fara tangal-tangal. Kuɗin sun shiga asusun wata ƙungiyar agaji mai alaƙa da jami'ar, Cowboy Golf, kuma kamar yadda jaridar New York Times ta ruwaito a farkon 2006, ba su cika awa guda a can ba aka mayar da su BP Capital, kamfanin zuba jari na shi Pickens ɗin. Ya yafe ladan da kamfanin kan karɓa, kuma babu wanda ya nuna an karya doka. Amma lokacin da aka zaɓa yana da ma'ana. Bayan guguwar Katrina majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka ta wucin gadi wadda ta ba mai kyautar tsabar kuɗi damar cire ta gaba ɗaya daga abin da za a yanka masa haraji a kai, har iyakar kuɗin shigarsa na shekarar, muddin ya bayar kafin 2005 ta ƙare. Ke nan wani kaso na kyautar haraji ne da baitulmali ya yafe. Mai biyan haraji a jihar Maine, wanda bai taɓa taka Stillwater ba, yana da hannu a ginin ba tare da an shawarce shi ba.

Da farko shirin ya yi armashi. Jarin ya haura dala miliyan 400 zuwa tsakiyar 2008, jami'ar kuma ta ci gaba da aiki bisa lissafin cewa riba za ta biya komai. Sai kasuwanni suka rushe a kakar wannan shekara, farashin mai ya faɗi warwas, abin da ya saura a asusun bai wuce kimanin dala miliyan 125 ba. Pickens ya ƙara miliyan 63 don a rufe ɓangaren yamma na filin, aka kuma buɗe shi a Satumbar 2009 da kujeru kusan 60,000. Unguwar wasannin ce ta tsaya cak. An riga an sayi gidajen jama'a a arewacin filin an rushe, har da takaddamar kotu a kan ikon hukuma na karɓe fili ta biya diyya, sai wurin ya zauna shekaru fayau babu ginin da aka tashi mutane dominsa. Zauren atisaye bai samu ba sai 2013, filin ƙwallon gora kuwa sai 2021, shi ma da kuɗin wani attajirin daban. A tsakanin nan sashen wasannin ya shiga wani shiri na sayen inshorar rai ta dala miliyan 10 a kan kowane ɗaya daga cikin tsofaffin masu ba shi gudummawa su 27, ya biya kimanin miliyan 33, ya janye, ya kai ƙara kotu, bai yi nasara ba. Duk waɗannan sun faru ne a jami'ar da ake kafa misalin sa'a da ita.

Hujja mafi nauyi da ke fuskantar wannan matsayi ita ce ta Michael Anderson na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a binciken da ya fito a 2017. Matsalar binciken da suka gabace shi ita ce jami'a mai arziki takan ci wasa kuma takan samu masu neman gurbi, don haka da wuya a ce wanne ya haifi wanne. Anderson ya kauce wa wannan ta hanyar amfani da ƙiyasin 'yan caca: ya kwatanta ƙungiyoyin da aka yi hasashen damarsu ta cin wasa ɗaya ce, amma wasu suka ci wasu suka sha kashi. Ya tarar cewa nasara tana ƙara gudummawar tsofaffin ɗalibai, tana ƙara yawan masu neman shiga, tana kuma ɗan ɗaga darajar jami'ar da makin sababbin ɗalibanta. Wannan ya yi daidai da abin da Pope da Pope (2009) suka samu, cewa nasarar zari-ruga ko ƙwallon kwando kan ƙara takardun neman gurbi da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari. Mai bin wannan layi zai ƙara da tarihin Jami'ar Jihar Oklahoma ɗin kanta: a kakar 2011 ƙungiyarta ta ci wasa 12 cikin 13, ta ɗauki kofin rukunin Big 12, ta doke Stanford a gasar Fiesta Bowl. Zai ce kafin Pickens wa ya san da ita a wannan mataki?

Ba a musun sakamakon Anderson, kuma dabararsa ta fi ta waɗanda suka riga shi inganci. Sai dai abin da ya auna shi ne amfanin cin wasa. Tsakanin kyauta da cin wasa akwai matakala biyu da binciken bai taka ba: cewa sabon fili yana kawo nasara, da cewa nasarar za ta dore har ta biya abin da aka kashe. Matakalar farko ita ce mai rauni. A kowace Asabar ta kaka, yawan waɗanda suka ci daidai yake da yawan waɗanda aka ci. In jami'a ɗaya ta gina katafaren ɗakin motsa jiki tana iya jan hankalin matasan 'yan wasa na ɗan lokaci, amma da zarar maƙwabtanta sun gina nasu, kowa ya koma inda yake a jadawali, sai dai kowa ɗawainiyarsa ta ƙaru. Abin da ya zama gaskiya ga jami'a ɗaya a shekara ɗaya ba zai taɓa zama gaskiya ga dukkansu a lokaci guda ba, alhali ga dukkansu ake tallata hujjar zaure. Game da ɗorewa kuwa, Pope da Pope da kansu sun nuna cewa ƙarin masu neman gurbin na 'yan shekaru ne, siminti da bashi kuwa na shekaru talatin ne ko fiye.

Akwai kuma abin da fili ba ya iya saye komai kyansa. A 2021 Jami'ar Texas da Jami'ar Oklahoma (wadda ta bambanta da Jami'ar Jihar Oklahoma) suka sanar da ficewa daga Big 12 zuwa rukunin SEC, inda kuɗin talabijin ya fi kauri, suka kuma koma a 2024. Ba a gayyaci Jami'ar Jihar Oklahoma ba, duk da filinta da kofinta. Kamfanonin talabijin yawan masu kallo suke dubawa, wannan kuwa tarihi da yawan jama'a ke samar da shi.

Daga nan masu sukar irin wannan kyauta sukan zarce zuwa wata da'awa mai faɗi, cewa kuɗin da aka ba wasanni daga bakin ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje aka fizge shi. A gaskiya hujja ba ta kai nan ba. Stinson da Howard (2004) sun ga alamar haka a Jami'ar Oregon, inda kason wasanni a cikin gudummawa ya riƙa ƙaruwa, amma jami'a ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan saura ba. Manyan misalan ma sun karkata ne ɗaya ɓangaren. Pickens ya ba da dala miliyan 100 a 2008 don kujerun farfesoshi, kuma cikin kimanin miliyan 650 da ya ba jami'ar baki ɗaya, kusan rabi ne ya tafi harkar karatu. Phil Knight mai kamfanin Nike, wanda ya zuba maƙudan kuɗi a wasannin Oregon, shi da matarsa ne suka ba da miliyan 500 a 2016 don cibiyar binciken kimiyya. Babu tabbacin cewa da an ƙi karɓar kuɗin fili za su koma aji. Wataƙila da ba za su zo ba sam. Saboda haka dole a taƙaita da'awar zuwa abin da za a iya karewa: kyautar da aka ɗaure wa gini, wadda ba ta zo da waƙafin kula da ginin ba, ko wadda aka fara aiki bisa fatan ƙarinta, tana ɗora wa jami'a kasadar da mai kyautar ba ya ɗauka.

Berkeley ce ta fi nuna wannan a fili, domin a can fata kawai aka gina a kai. Filin wasanta na Memorial yana zaune ne daram a kan tsagin ƙasa na Hayward, don haka gyara shi saboda girgizar ƙasa ya zama tilas. An kashe dala miliyan 321 a filin, aka haɗa da cibiyar atisaye, bashin ya kai kimanin miliyan 445. Lissafin shi ne masu hannu da shuni za su sayi kujerun alfarma na shekaru 40 zuwa 50, mafi tsadarsu a kan dala 225,000. An buɗe filin a 2012, kujerun ba su shiga yadda aka zata ba, kuma wanda ya yi alƙawarin biya kaɗan-kaɗan yana da damar janyewa. A 2017 shugabar jami'ar, Carol Christ, ta amince a mayar da fiye da rabin bashin kan asusun jami'a, wato asusun da ake biyan malamai daga cikinsa. Mai alƙawari ya tafi abinsa, jami'a kuwa ba ta da inda za ta je.

Saura batun iko, wanda alƙaluma ba sa kamawa. Mike Holder, kociyan ƙwallon golf kuma aminin Pickens, ya zama daraktan wasanni a Satumbar 2005, 'yan watanni kafin kyautar, kuma Pickens bai ɓoye cewa shi yake so a kujerar ba. Mai yiwuwa Holder ya cancanta. Tambayar ita ce wa ya zaɓa. A Oregon abin ya fi fitowa ƙarara. A 2000 jami'ar ta shiga wata ƙungiya mai sa ido a kan haƙƙin ma'aikatan masaƙu, bayan matsin lambar ɗalibanta, sai Knight ya janye alƙawarin dala miliyan 30 na faɗaɗa filin Autzen. Jami'ar ta fice daga ƙungiyar, Knight ya dawo a 2001. Ko da an ce dalilan ficewar na doka ne, kowane shugaban jami'a a ƙasar ya ga abin da ya faru, kuma da wuya a ce bai shafi lissafinsa ba.

Sharuɗɗan fagen sun sake sauyawa a Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House, wanda ya ba kowace jami'a da ta shiga tsarin damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Matashin da a da ake jan hankalinsa da kyan ɗakin sauya kaya yanzu albashi zai tambaya, albashi kuwa duk shekara ake biyansa. Kyautar da attajiri David Booth ya yi wa Jami'ar Kansas a Agustan 2025, ta kimanin dala miliyan 300, ta nuna an fara lura da haka: miliyan 75 ne kawai aka ware wa kashi na biyu na aikin filin, sauran kuma an tsara su ne su riƙa samar wa sashen wasanni kuɗin shiga a kai a kai. Wannan tsari ya fi na 2005 kusa da waƙafi na gaskiya. Amma miliyan 75 ɗin an ba da su ne don su zaburar da wasu masu bayarwa, ke nan ƙarasa ginin ya sake rataya a kan alƙawuran da ba su shigo hannu ba tukuna, kuma Jami'ar Kansas ce za ta cike duk giɓin da ya bayyana.