Takardun Izini na Zamanin Mallaka da Asalin Kundin Tsarin Mulkin Amurka

Masu rubuta tarihin tsarin mulkin Amurka sun saba ɗauko zance daga Magna Carta, yarjejeniyar da manyan hakiman Ingila suka tilasta wa Sarki John amincewa da ita a 1215. Suna da hujja. Daga Ingila Amurkawa suka gaji ƙa'idar hana tsare mutum ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba, kuma gyara na takwas na kundin Amurka, wanda ya haramta tsauwala kuɗin beli da hukuncin azabtarwa, kusan kwafi ne daga dokar haƙƙoƙi ta Ingila ta 1689. Sai dai Ingila ba ta da rubutaccen kundi guda da ya fi majalisa ƙarfi. A can majalisa ce ke da wuƙa da nama. To ina wakilan da suka taru a Filadelfiya a 1787 don rubuta kundin suka samo tunanin takardar da masu yin doka ma dole su bi?

A ganina, sun same shi ne a zaman da suka yi ƙarƙashin mallaka. Yankuna da dama an kafa su da takardar izini daga sarki, wadda ta fayyace iyakar ikon gwamna da na majalisa, ta kuma shardanta kada dokokin yankin su saɓa wa na Ingila. Majalisar mashawartan sarki a Landan takan duba dokokin, ta soke wanda ya ƙetare iyaka. Mutanen da suka tashi a haka sun riga sun saba da ganin an auna doka da wata takarda da ke bisanta, tun kafin kotun ƙolin Amurka ta ɗauki wannan aiki a shari'ar Marbury da Madison a 1803. Dubi Konetikat: bayan 'yancin kai ba ta ga buƙatar sabon kundi ba, ta ci gaba da aiki da takardar izininta ta 1662 har 1818.

Haka batun kuɗi. Tun majalisar Bajiniya ta 1619, wakilai suka riƙa koyon riƙe bakin aljihu, har a wasu yankuna sukan hana gwamna albashi sai ya sauko. Shi ya sa harajin hatimi na 1765 ya harzuƙa su: majalisar Landan, wadda ba su da wakili a cikinta, ita ce ta ɗora shi. Kundin 1787 ya tanadi cewa duk ƙudurin haraji daga majalisar wakilai zai faro.

Wannan gado bai zo da tsabta ba, kuma bai kamata a rufe wannan ba. A 1619 ɗin nan aka sauke 'yan Afirka na farko a Bajiniya, majalisun yankunan ne kuma suka rubuta dokokin bauta da hannunsu. Da jikokin waɗannan 'yan majalisa suka zo rabon kujeru a Filadelfiya, sai suka ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku, lissafin da ya ƙara wa iyayen gijinsu kujeru a majalisa.