Zaña, Birnin da Ruwa Ya Ci a Tsakiyar Hamada

Matafiya masu goyon jaka da ke bin gaɓar tekun Peru daga Lima zuwa arewa, galibinsu a Trujillo suke yada zango don ganin kufan birnin Chan Chan, sai su zarce Chiclayo wajen kayan kabarin sarkin Sipán. Kaɗan ne ke ratsewa daga titin Panamericana su leƙa Zaña, alhali nisansa da Chiclayo bai wuce kamar kilomita 50 ba. Wanda ya wuce bai tsaya ba, ya bar muhimmin babi na tarihin baƙar fata a ƙasar.

Sifaniyawa ne suka kafa garin a 1563. Kogi ya ratsa hamada ya ba shi kwari mai albarka, ga tashar jirgin ruwa ta Chérrepe a kusa. Rake, sabulu da jimammiyar fata suka cika aljihun masu gonaki, da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka. A nan babban limamin kirista na Lima, Toribio de Mogrovejo, ya rasu a 1606. Mutanen garin har yau suna cewa saura ƙiris a mai da Zaña babban birnin Peru. Wannan alfahari ne irin na ɗan gari, domin Lima ta riga shi da shekara 28, kuma can wakilin sarkin Sifaniya yake zaune tun kafin a aza tubalin farko a nan.

A 1686 ɗan fashin teku na Ingila, Edward Davis, ya washe garin. Ranar 15 ga Maris 1720 kuma kogin ya yi ambaliya ya share gidaje, jama'a suka tsira da rayukansu a kan tudun La Horca. Daga baya manyan iyalai suka tattara suka koma Lambayeque.

A nan ne nake da ja. Labarin da ake maimaita wa baƙi shi ne wai fushin Ubangiji ne ya sauka saboda raye-raye da waƙoƙin batsa na bayi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani! Mutumin da ya sayi ɗan Adam, ya yi masa shaida da wuta, ya sa shi saran rake daga asuba har faɗuwar rana, shi ne zai ce rawar bawansa ce ta jawo bala'i? Abin da ya faru sananne ne: duk lokacin da ruwan tekun Pasifik ya yi ɗumi a wannan gaɓa, abin da ake kira El Niño, sai a yi ta tafka ruwa a ƙasar da ba ta saba da shi ba. An kuma gina garin a ƙasa-ƙasa, dab da kogi.

Waɗanda aka ɗora wa laifin, su ne ba su gudu ba, kuma jikokinsu ne suka riƙe sunan garin. Suna da abin kiɗa da suke kira checo: duma ne busasshe, a da da shi ake awon masara, a huda masa baki a gefe, a dafe shi tsakanin cinyoyi a buga da tafin hannu. Duk wanda ya san kiɗan ƙwarya na matanmu zai gane muryar nan take. A 2005 aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen Peru a garin, a 2017 kuma aka ayyana Zaña wurin tunawa da bauta a ƙarƙashin shirin UNESCO.

Sai dai takarda ba ta tare ruwan sama. A cikin tsofaffin coci-cocin garin, na San Agustín ne kawai ya rage da ɗan rufinsa na jan bulo mai bakan gizo, wanda mutum zai ɗaga kai ya ga yadda magina suka saƙa shi. Cocin La Merced, na San Francisco da babban cocin gari kuwa bango ne tsaye a fili, gonaki sun matso har kusa da gindinsu. An yi mamakon ruwa a 1983, 1998 da 2017, kowanne ya zaizayi rabonsa, masu yawon buɗe ido da kuɗinsu kuma na ci gaba da wucewa ta bakin titi zuwa Chiclayo.